Bugun Bakin Turmi

Taɓarya ce ta zame daga jikin bango ta bugi bakin turmi, ƙwal. Daga nan komai ya fara, kuma ina wurin, ina zaune kan tabarma ina ɓarar gyaɗa, ban wuce shekara bakwai ba. Kakata, wadda ta haifi babanmu, tana duƙe tana tsince dawa a faifai. Ƙarar na tashi na ga hannunta ya tafi goshi da kansa, ya sauko ƙirji, ya taɓa kafaɗa da kafaɗa. Sai da ta gama alamar gicciye ta gane ba ƙararrawa ba ce ta ji. Ta dubi taɓaryar a ƙasa, ta dubi inuwar rumbu. Can ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ɗauki taɓaryar, ta ce mani in tashi tsaye.

Mu Hausawa ne, kuma 'yan Katolika. Na san akwai mai karatun da zai koma ya sake duba layin nan, ko idonsa ne bai gani daidai ba. Ya koma, zai tarar da shi yadda na rubuta. Ƙauyenmu yana can bayan Faskari, idan ka kama hanyar da ke gangarawa wajen Sabuwa, ka saki titi ka bi ta cikin gonaki. A nan kakanninmu suka yi noma tun ba a san coci ba a ƙasar, kuma an yi wa Kaka baftisma tana goye da babanmu. Ba mu da wani harshe ban da wannan da nake rubutu da shi. Da shi muke ciniki, da shi muke faɗa, da shi muke roƙon Allah.

Cocinmu ɗakin laka ne mai rufin kwano, ƙararrawarsa kuwa ƙarfen ƙafar babbar mota ce da aka rataye a reshen ɗorawa. Fada, wato limaminmu, ba ya zuwa sai bayan makonni, a kan babur, don haka katakis, malamin da ke riƙe da coci idan Fada ba ya nan, shi ke buga ƙarfen idan rana ta raba. Uku, ya dakata. Uku, ya dakata. Uku, sannan tara a jere. Duk inda kake sai ka ajiye abin da ke hannunka ka yi addu'ar tsakar rana. A daminar da nake ba ka labari iska ta karya reshen, kuma a watan aka mayar da katakis wani ƙauye, ba a turo mana wani ba. Maza suka ja ƙarfen suka jingine shi bayan ƙofar coci, kowa ya ce sai an samu sarari. Makonni suka wuce rana tana rabawa ba mai kulawa, har ranar da taɓarya ta zame.

Addu'ar ba ta da tsawo. Tunawa ce da ranar da mala'ika ya zo wa Maryamu da saƙo, ta ce ta yarda. Gaɓa uku gare ta, kuma ba a yin ta da baki ɗaya. Mai ja ya faɗi nashi, ya dakata, a amsa mashi, sannan ya ci gaba. Ka riƙe wannan, don a kanshi labarin yake. Kaka ce mai ja, ni ce mai amsawa. Sauran mutanen gida suna gona ko kasuwa a wannan lokaci, ni kuwa ina dawowa daga makaranta da wuri, kuma sunan mahaifiyarta aka sa mani, shi ya sa ba ta kirana da komai sai uwata.

Ba ta da agogo. Inuwar rumbu take kallo, idan ta janye ta shige ƙarƙashinsa har kaji suka rasa wurin fakewa sai can ciki, to lokaci ya yi. Sai ta zazzage duk abin da ke cikin turmin, ta kama taɓarya a tsakiya, ta bugi bakinsa ta gefe. Ba ƙarar daka ba ce. Daka yana da nauyi, yana shiga ƙasa, wannan kuwa sama yake tashi, ya ƙetare danga. Da damina, idan masara ta rufe mutum, matan da ke cire ciyawa a gonakin bayan gida suna jin sa, su miƙe da hannu a ƙugu, su yi tasu a can. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ina tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan ina amsawa, ita kuwa ko gezau, zufa na bin tsagar fuskarta. Ban taɓa ganin ta nemi inuwa don wannan addu'a ba.

Bayan dangarmu akwai wata tsohuwa Musulma, Hajiya, ƙawar Kaka tun shekarar da aka kawo su ƙauyen suna amare. Da azumi Kaka kan aika mata da tsamiya da gero na kunu, da Kirsimeti kuma ɗan Hajiya ake kira ya yanka mana akuya don ita ma ta ci. Ta ce turmin ya yi mata amfani, in ta ji shi ta san azahar ta kusa, ta hanzarta sauke tukunya. Takan leƙo ta saman danga ta tambayi Kaka yaya ladaninta na itace ya kwana. Kaka ta ce mata lafiya lau, nata ba ya mura, ba ya kuma neman tuwo. Su yi ta dariya har ɗaya ta kama tari.

Ina da shekara goma sha biyu finafinai suka iso mana. Wani mutum ya kafa rumfar zana a bakin kasuwar da muke ci, ya sa talabijin da janareto. Babanmu ya hana mu shiga, amma zana tana da huji, kuma ni ake aike da daddawa ranar kasuwa. Ta hujin nan na koyi yadda 'yan matan fim ke karya wuya, da yadda suke juya gyale a iska. Waƙoƙin kuma ba su jira izinin kowa ba, kaset ya kai su kowane gida. Kada ka zaci Kaka ta tsane su. Takan yi ta rera amshinsu ƙasa-ƙasa tana kaɗi, duk da takan juya kalmomin yadda ta ga dama. Takan ce in taka mata irin ta 'yan birni, ta yi ta tafi har hawaye su zo mata. Sau ɗaya kawai ta yi mani magana a kai, tana murza mazari a cinya, ba ta ma dube ni ba.

"Rawa ba zunubi ba ce, uwata. Amma abin da ba ki iya ajiye shi in an kira ki, ba ke ke riƙe da shi ba."

Na ce to, kamar yadda yara ke cewa to.

Bayan girbin wannan shekara aka sa bikin gwaggona, autar su babanmu. Angon malamin makaranta ne a Funtua, danginsa 'yan Katolika ne irinmu, amma na birni, masu agogo a hannu da coci mai ƙararrawar gaske a saman gini. Aka ce za su zo da lasifika, da kuma mai ɗaukar bidiyo. Mu 'yan matan gidan muka yi wata guda muna gwajin rawa a bayan rumbu, kuma ba yabon kai ba, ni aka zaɓa in tsaya gaba. An ɗinka mana atamfa iri ɗaya. Har yau ina tuna ƙanshin sabon yadin, da yadda yake ƙaiƙayi a wuya.

Da safiyar bikin, kafin a tafi coci, na ga babanmu ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka. Ina kusa ina goge takalmi, na ji duk abin da aka ce. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, ya yi maganar baƙi, ya yi maganar abinci, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce yau gida zai cika da mutanen birni, ga surukai, ga alhazan da ya gayyato daga kasuwa, ga na'urar da ke ɗaukar komai. Ba ya son a koma Funtua ana ba da labarin ƙauyawan da ke kiran addu'a da turmi.

"Iya, yau dai ɗaya, ki yi a zuci. Allah yana ji."

"Yana ji," in ji Kaka. "Amma mala'ikan da ya aiko, ai ba a zuci ya yi mata magana ba."

Babanmu ya tashi ya karkaɗe gwiwa. Ya san an gama.

Aka ɗaura aure, aka dawo gida, aka ta da janareto. Ban taɓa jin ƙara irin ta wannan rana ba, har cikin haƙarƙari nake jin ganga. Ƙanshin shinkafa da man gyaɗa ya haɗu da hayaƙin fetur. Aka kira mu fili, mutane suka yi da'ira, mai bidiyon ya ɗora na'urarsa a kafaɗa ya saita ni. Na taka. Wallahi na taka, mata suka yi ta guɗa, wata daga cikin surukai ta cire gyalenta ta yafa mani. A tsakiyar wannan ne na ji shi.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Ba na jin akwai wanda ya ji ban da ni. Lasifikar ta danne komai, amma kunnena ya yi shekara biyar yana jiran wannan ƙara kowace rana, ko a barci zai tsince ta. Na saci kallo ta gefen ido. Kaka tana can kusa da madafi, ta karɓe turmin daga hannun masu dakan yaji, ta juye masu shi a ƙwarya. Ta gama bugun, ta jingine taɓarya, ta yi alamar gicciye, ta dubo ni. Ba harara ba ce, ba kira ba ne ma. Kallon da take mani kullum ne, na cewa na shirya, ke fa?

Tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba. Na dubi idon na'urar, wani baƙin gilashi mai ɗan jan haske a gefe. Na dubi matan birni da leshinsu. Na ji a raina cewa in na fita daga filin nan na je na tsaya gaban turmi, duk za su juyo, su tambayi juna me ake yi, wani ya yi dariya, kuma na'urar ta ɗauka ta ajiye har abada. Sai na juya mata baya, na karya wuya kamar yadda na koya ta hujin zana, na ci gaba.

Abin da ya faru a bayana ban gan shi ba a ranar. Da la'asar, bayan an tafi da amarya, na same ta zaune a ƙofar ɗakinta tana raba ragowar nama a kwanuka don a kai wa maƙwabta. Na zauna nesa kaɗan. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ce bakina ya kasa haƙuri. Na ce mata wai ashe ta buga, ni ban ji ba, kiɗa ya yi yawa. Ta ɗauki tsoka mai kyau ta miƙo mani.

"To, ba komai, uwata. Gobe zan ƙara ƙarfi."

Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Washegari gida ya yi tsit, sai kwanukan aro da ake wankewa. Inuwar rumbu ta shige ƙarƙashinsa. Kaka ta kama taɓarya da hannu biyu, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka, ta ɗaga ta har sama da kanta. Bugu na farko awaki suka zabura. A na uku wani ɓangare na bakin turmin ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Hajiya ta leƙo ta danga tana tambaya ko an yi gobara ne. Na amsa addu'ar ranar ina kuka da majina, kalmomin suna sarƙe mani, ita kuwa tana jirana a kowace gaɓa har in gama.

Bayan 'yan makonni angon ya zo da kaset ɗin da talabijin na aro, aka shimfiɗa tabarmi a zaure bayan la'asar, rabin ƙauye ya taru. Da aka zo wurin rawata aka yi ta tafi, ana dafa kaina. Ni idona yana kusurwar hoton, can bayan kafaɗata. Ga Kaka nan, 'yar ƙarama, tsaye gaban turmi cikin rana. Bakinta yana motsi, sai ya tsaya. Na zaci za ta faɗi amsar da kanta ta wuce, ai ta san ta fiye da ni. Ba ta faɗa ba. Ta rufe baki, ta jira daidai tsawon da amsata ke ɗauka, sannan ta ci gaba. Sau uku ta yi haka. Ta bar mani wurina ba kowa a ciki, ko zan zo.

Kafin gaɓa ta biyu na ga Hajiya ta shigo hoton da sandarta. Ba ta buɗe baki ba, ba addininta ba ne, kuma ba ta yi kamar nata ba ne. Ta ɗauki faifai ta riƙe shi sama da kan ƙawarta, ta tsaya nan har aka gama. Babanmu ma ya gani. Na san ya gani, don ya tashi ya fita ya ce zai duba janareto, alhali janareton lafiyarsa lau. A makon ya tara maza suka sake rataye ƙarfen a wani reshe, amma ba wanda ya ɗauki nauyin buga shi kullum, don haka turmin bai huta ba.

Da Fada ya zo na je na furta mashi wannan a matsayin zunubi. Saurayi ne daga kudu, Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. Ya yi ta tambaya ko na zagi kakata ne, ko na ƙi aike. Na ce a'a, rawa na yi ana jirana. Sai ya ce in yi addu'a kaza, in kuma riƙa jin maganar manya. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya wanke ni ba a ranar ya zo ba, a hankali ya zo, kowace rana da rana ta raba na buɗe baki na amsa.

Na tafi sakandare ta kwana. A can na fara sanin cewa mu abin mamaki ne. 'Yan ajinmu Musulmi suna tambaya asalina daga ina, don a ganinsu ba Bahaushiyar da ke zuwa coci. Kiristocin da suka zo daga wasu jihohi kuma suna tambaya yaushe na tuba, suna yi mani magana a hankali kamar baƙuwa. A finafinan da muke kallo ranar Asabar ban taɓa ganin mai kama da Kaka ba, kuma har yau da waya ta cika da hotuna ban gani ba. Da can abin yana ci mani rai. Yanzu ba na jiran wani ya ɗauke mu a hoto kafin in san muna nan. Da na dawo hutun ƙarshe na tarar hannun Kaka ya fara rawa, taɓarya tana kuɓuce mata. Ta miƙo mani ba tare da wani jawabi ba, ta ce in buga, ita ta ja. Haka muka yi har daminar da ta rasu. Aka binne ta da hantsi, ƙasa jiƙe, ƙanshin ganyen dawa ko'ina. Muna dawowa gida inuwa ta shige ƙarƙashin rumbu. Na buga, na ja, babanmu ne ya amsa.

A ƙauyen na yi aure, a nan na haifi ɗiyata. Sai ɓarayin daji suka zo. Ba zan ba ka labarinsu ba, duk wanda ke wannan yanki yana da nashi, wani ya fi nawa muni. Ba su tambayi addinin kowa ba, gidan Hajiya da namu rana ɗaya aka watse. Da muka tashi barin gari, babur ɗaya muka samu na kaya. Maigidana ya ce a ɗora buhun masara biyu. Na ce buhu ɗaya da turmi. Ya ce in ji tsoron Allah, turmi ake ci? Akwai turmi a kowace kasuwa, wannan ma ɓallalle ne. Ni ba mai jayayya da miji ba ce, duk wanda ya san ni ya sani, amma ranar na zauna a kan turmin na ce in ba a ɗauke shi ba a bar mu tare. Aka ɗaure shi da roba a bayan babur. Watannin farko a Ƙanƙara, inda muka sauka, mun ji rashin buhun nan a cikinmu, kuma bai fasa tuna mani ba. Yana da gaskiyarsa. Ko yau aka sake, turmin zan ɗauka.

Yanzu muna gidan haya, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, mu kaɗai ne masu zuwa coci. Ba rumbu, don haka inuwar igiyar shanya nake kallo, duk da akwai agogo a waya. Satin farko maigidana ya zaunar da ni, ya ce nan ba ƙauye ba ne, zamani ya lalace, mutum ya riƙa sunkuyar da kai. Ya ce in yi a zuci. Kalmomin babanmu ne sak, kuma shi bai taɓa jin labarin ba. Ban raina tsoronsa ba, ya ga abin da ya gani. Katakis ɗinmu na nan kuma ya ce ai yanzu akwai ƙararrawa a cikin waya, in saita ta kawai ta riƙa tuna mani. Na yi mashi godiya. Wayar da ke kiran mutum ga rawa da gulma da tallan magani, ban ga yadda zan bambance kiranta da sauran ba. Kuma ita ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba abin da ke fita daga jikinta in ta yi ƙara. Ni ina so in ɗaga hannu, in ji nauyin itace, in san ni ce na kira.

An kore mu daga gona, an kore mu daga kabarin Kaka. Ba zan kori kaina daga tsakar rana ba. Na buga. Matan gidan suka leƙo, ɗaya ta tambaya me nake dakawa a turmi ba komai ciki. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce Allah ya karɓa, ta koma ga wankinta. Yanzu in na makara ita ke cewa Maman yarinya, yau ba a buga ba.

Ɗiyata ce mai amsawa, tun bakinta bai iya kalmomin ba. Bana ta cika sha biyu. Tana da ƙafar rawa, ba sai an faɗa mani inda ta samo ba. Ita da 'yan matan gidan suna jingine wayar yayar ɗayarsu a kan bokiti, su kunna waƙa, su taka, su taru su kalli kansu suna shewa. Ban hana ta ba. Nakan ma tsaya in kalla, in na ga ta karya wuya sai in ji kamar ni ce ta hujin zana.

Ranar Asabar da ta wuce sun gayyato wasu ƙawaye daga makarantarsu, waɗanda ba su san gidanmu ba. Aka jingine waya, aka sa ɗiyata gaba. Ina wanke wake ina kallon inuwar igiya tana matsowa ƙarƙashinta. Zan faɗa maka gaskiya, na yi tunanin in jinkirta, ko in shiga ɗaki in yi a zuci, don in rage wa yarinyar nauyi. Na san zafin abin, na ɗanɗana. Amma na tuna da a ce Kaka ta rage mani nauyin a ranar bikin, da yau ba ni da abin da zan ba kowa. Na tsane hannu, na jawo turmin, na sa yatsa a gurbin da ya ɓalle kamar yadda na saba, na ɗaga taɓarya.

Na ga kafaɗar ɗiyata ta motsa a bugun farko. Ta dubo ni ta gefen ido, ta dubi wayar, ta dubi baƙin. Sai ta juya mani baya ta ci gaba da rawa. Na faɗi nawa, na rufe baki, na jira. Ban taɓa sanin tsawon wannan jira ba sai ranar. Daga waje ɗan lokaci ne, ba ya kai a sha ruwa. Daga ciki kuwa, mutum yana tsaye cikin rana da baki a rufe, waƙa na tashi, yaran mutane suna kallonsa, yana jin kamar shi kaɗai ya rage a duniya mai wannan abu. Sau uku na bar mata wurinta. Sannan na jingine taɓarya na koma ga wakena.

Da la'asar, bayan baƙin sun tafi, ina zaune ina tsince shinkafa ta zo ta zauna nesa kaɗan. Tana wasa da bakin zanenta. Na riga na san abin da za ta ce, na kuma shirya amsata, wadda aka ajiye mani tun ina kamarta. Kafin ta fara sai na sauƙaƙa mata, na ce na san waƙar ta yi ƙara, ba komai, gobe zan ƙara ƙarfi.

Ta girgiza kai. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa, ta sa hannu cikin faifan ta fara taya ni tsinta, ba ta ɗago ba.

"Ba sai kin ƙara ba, Mama, na ji tun bugun farko. A ciki na amsa. Gobe ki ɗan jira ni, zan fito da amsar waje."